Me ya raba Saudiyya da Turkiyya, me kuma ya sake haɗa su?

Maman Husna, Kano:
Assalamu alaikum. Ina sarin darduma da mayafai daga Jidda. A 2021 ƙanena da ke yi mini sayayya a kasuwar Balad ya ce dardumar Turkiyya ta yi ɓatan dabo, sai wata mai araha da ke zubar da gashi da an wanke ta. Yanzu kuma ga 'yar Turkiyya ko'ina. An ce faɗan gwamnatoci ne. Wai me ya haɗa su? Kuma zai iya dawowa? Ina so in ƙara jari, amma gabana na faɗuwa.

Abu Sadiq, Jidda:
Wa alaikumus salam Hajiya. Tsamin ya daɗe. Turkiyya ta goyi bayan shugaba Mursi lokacin da sojoji suka kifar da shi a Masar a 2013, Saudiyya kuwa tana bayan Sisi, jagoran sojojin da suka kifar da shi. Da aka yi wa Qatar ƙawanya a 2017, Turkiyya ta tura mata abinci da ƙarin sojoji. Abin da ya ƙarasa dagula lamarin shi ne kisan ɗan jaridar Saudiyya Jamal Khashoggi a ƙaramin ofishin jakadancin Saudiyya da ke Istanbul, ranar 2 ga Oktoba 2018. Shugaban Turkiyya Erdogan ya riƙe maganar gam.

Gwamnati a nan ba ta taɓa fitowa ta ce ta hana kayan Turkiyya ba. Shugaban ƙungiyar 'yan kasuwan Saudiyya na lokacin, Ajlan al-Ajlan, shi ya yi kiran a ƙaurace musu a Oktoban 2020. Sai ka ga kwantena ta iso tashar jiragen ruwa ta yi ta zama, kwastan na jan ƙafa. Manyan kantuna suka sauke kayan daga kanta. Har wani gidan abinci ya sauya wa burgarsa suna daga ta Turkiyya zuwa ta Girka, abin dariya. A 2021 kayan da Turkiyya ke sayar wa Saudiyya sun ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari.

Malam Nura, Maraɗi:
Sulhun kuma aljihu ne ya kawo shi, Hajiya. Kuɗin Turkiyya, lira, ya faɗi warwas a 2021, tsadar kaya ta haura kashi 80 cikin ɗari a 2022, ga zaɓe na tafe. A Afrilun 2022 kotun Istanbul ta miƙa shari'ar Khashoggi ga Saudiyya, watan bai ƙare ba Erdogan ya sauka Jidda. Yarima Muhammad bin Salman ya rama ziyara a Ankara cikin Yuni. A Maris 2023 Saudiyya ta ajiye dala biliyan 5 a babban bankin Turkiyya, a Yuli kuma ta ƙulla cinikin jirage marasa matuƙa da kamfanin Baykar na Turkiyya. Ni miƙa shari'ar nan bai kwanta mini ba har yau, amma wanda ya sayi makami a wurinka ba zai yi saurin rufe maka kasuwa ba.

Maman Husna, Kano:
Na gode ƙwarai. Ke nan in saki jiki?

Abu Sadiq, Jidda:
Ki saki, amma ba duka ba. Idan dardumar Turkiyya ce jigon kasuwarki, ki nemi wakili a Istanbul ya riƙa ɗora miki kaya kai tsaye, ki lissafa kuɗin kago ki gwada da farashin Balad. Mayafai da turare ki bar su a hannun ƙanenki.