Maigidana ya kwashe littattafaina ya kulle, ina neman shawara

Maman Hanifa: Assalamu alaikum. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya hana ni sukuni, kuma ina roƙon a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci. Ni 'yar Zariya ce, aure ya kai ni wani gari mai nisa inda ba ni da kowa sai dangin maigida. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, malamin makaranta ne, a ɗakinsa na koyi karatun littattafan hira, kuma ni ce nake karanta masa da dare bayan idanunsa sun yi rauni. Da ya rasu, yayyena maza suka raba littattafan addini, ni kuma aka bar mini kwalin na labarai saboda babu wanda ya damu da su, na taho da shi gidan miji tare da kayan ɗakina. A ciki akwai na binciken kisan kai irin na Agatha Christie, akwai na tafiya sararin samaniya, akwai kuma na yaƙi masu sadaukai da bokaye da aljanu.

Aikin maigida na tafiye-tafiye ne, idan yarinya ta yi barci dare yakan yi mini tsawo, tunani ya yi ta zuwa. Amma da zarar na buɗe na bincike sai hankalina ya kwanta, domin na san kafin shafin ƙarshe za a gano wanda ya yi laifin, kuma duk ɗan abin da marubuci ya ambata, ko kofin shayi ne ko agogon da ya tsaya, yana da dalilin da za a bayyana. Na sararin samaniya kuwa sukan fitar da ni daga ɗakin nan gaba ɗaya. Kwanan baya yayar maigida ta zo ta tarar da ni ina karatu, ta tambaye ni labarin mene ne, na gaya mata gaskiya cewa wani attajiri ne aka sa wa guba a cikin gidansa ana neman wanda ya aikata. Da maigida ya dawo sai ya kwashe su duka ya kulle a ɗakinsa. Yaya zan yi?

Ummu Sudais: Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, kin ba mu tarihin mahaifinki da na kwali, amma ba ki gaya mana abin da mijinki ya faɗa lokacin da yake kwashewa ba, ba ki kuma faɗi ko karatun yana taɓa girki ko sallah ba. A ganina tun da ya hana, ki haƙura. Daren da yake yi miki tsawo ki cika shi da Alƙur'ani da azkar, ya fi miki labarin bokaye da duk ƙarya ce aka shirya.

Tsohon Malamin Hausa: 'Yata, kada ki bari a sa ki ji kamar kin aikata abin kunya. Mai cewa ƙarya ce ta tuna cewa kakanninmu sun yi mana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da Dodo, suka rufe da ƙurunƙus, kuma babu yaron da ya tashi yana zaton labarin ya faru. Abin da mai faɗa da mai ji duk suka san ƙirƙira ce ba yaudara ba ne. Ƙagaggun littattafanmu na boko ma da irin waɗannan labarai suka fara. A gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, dukansu akwai aljanu a ciki, kuma dukansu an koyar da su a makarantu shekara da shekaru, ni kaina na koyar da su. Labarin sararin samaniya ma ba na Turawa kaɗai ba ne, domin a 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a kan wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda wani baƙo daga sama ya ɗauki yaro ya zaga da shi. Ki je ki same shi cikin ladabi ki karanta masa wannan bayani nawa, na tabbata zai buɗe ɗakin.

Hajiya Uwargida: Ni abin da ya fi ba ni haushi shi ne yayar mijin. Nawa maigidan yana iya kwana a gaban talabijin saboda ƙwallon Ingila, idan ƙungiyarsa ta sha kashi ko abinci ba ya ci, amma babu wanda ya taɓa kiran wannan ɓata lokaci. Ni kuwa ranar da ƙanwarsa ta gan ni da littafin soyayya sai da maganar ta kai kunnen uwarsu. Dangin miji ba sa son su ga mace tana da abin da yake faranta mata rai wanda ba daga hannunsu ya fito ba.

Baban Khalifa: Ku bari namiji ya yi magana. Muna jin labaran amaren da ake zargi da zuba wa mazajensu shinkafar ɓera a abinci, sannan a zo a ce wa mutum matarsa tana kwana karanta yadda ake sa guba, me kuke so ya yi? Shawarata ki zaɓo na kisan kai ki bayar da su kyauta a gabansa, ki roƙi ya bar miki sauran.

Maman Hanifa: Na gode muku duka. Ummu Sudais, ban taɓa barin sallah ko girki saboda littafi ba, kuma ina karatun Alƙur'ani gwargwadon iko, ɗaya bai hana ɗaya ba. Abin da ya faɗa kuwa ba na son in kawo shi nan. Baban Khalifa, na binciken su ne waɗanda mahaifina ya fi so, akwai rubutun hannunsa a gefen shafuka inda yake hasashen mai laifi, ba zan iya bayar da su ba. Kuma da yayar maigida take tambayata, ƙarya ake so in yi mata?

Tsohon Malamin Hausa: Baban Khalifa, da ka taɓa karanta ɗaya daga cikinsu da ba ka faɗi haka ba. Gaskiya ne Agatha Christie ta san magunguna, domin ta yi aiki a ɗakin haɗa magani na asibiti lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, shi ya sa guba ta yi yawa a littattafanta tun daga na farko a 1920. Amma kusan duk labarin an gina shi ne a kan tona asirin mai laifi, komai wayonsa, ta hanyar ɗan kuskuren da bai lura da shi ba. Mai son koyon kisa ba zai samu ƙwarin gwiwa a nan ba. Daɗin da 'yata take ji shi ne daɗin wasa ƙwaƙwalwa, tana tsere da marubuciya wajen gano gaskiya, sannan ta rufe littafi an hukunta azzalumi, abin da ba kullum muke gani a zahiri ba. Kada a bayar da ko ɗaya. A ba mijin ya karanta.

Ma'aikaciyar Jinya: Malam, da girmamawa, kowa yana maganar littafi an bar mai littafin. Mace ce da ta rasa mahaifi, take zaune ita kaɗai a garin da ba nata ba, barci yana gagararta. Karatun yana rage mata, amma ina ganin ta je asibiti ta yi bayanin rashin barcin. Kafin nan, ana samun irin waɗannan littattafai a waya, ki sauke ki ci gaba da karatunki.

Ummu Sudais: Wato ta riƙa yi a ɓoye ke nan? Ranar da ya gani a wayar, abin da zai biyo baya ya fi kulle kwali.

Maman Hanifa: Lafiyata ƙalau, ba na bukatar asibiti, rashin abokin hira ne kawai. Na waya kuma na gwada, idona yake ciwo, kuma ba su ne na mahaifina ba. Malam, maigida ba mai karatun labari ba ne, idan na ce zan karanta masa bayaninka zai ce na kai ƙararsa wurin mutane. Gobe da asuba zai sake tafiya, kuma makullin yana cikin waɗanda yake tafiya da su. In yi masa magana yau da dare, ko in bari sai ya dawo?

Baban Khalifa: Ki bari sai ya dawo, ba a tayar wa matafiyi da magana.

Hajiya Uwargida: Ki yi yau, idan kika bari yayar za ta riga ki.

Ɗan Makaranta: Malam, don Allah a ina zan samu littafin nan na Umaru Dembo? Na duba shagunan littattafai na garinmu ban samu ba.