Bencin ƙarfen zubi na lambun Ingila: gwaninta ce ko kayan kanti?

Kafinta: Jama'a, zan faɗa ko da za a ji haushina. Tsofaffin bencinan ƙarfen nan masu zanen ganye da ake yayi, na zamanin Sarauniya Biktoriya, don ido aka yi su. Ka zauna rabin awa, zanen ya fito maka a gadon baya. Kuma babu hannun gwani a jikinsu, zubi ne kawai, dubu tamkar ɗaya.

Mai Zubi: Haba Malam, zubin ne ka raina? Kamfanin Coalbrookdale da ya yi suna da waɗannan bencinan, da tukwane ya fara. Abraham Darby, wanda ya kafa shi, ya samu takardar mallakar dabarar zuba tukunya a cikin yashi a 1707, a 1709 kuma ya narka tama da gasasshen kwal maimakon gawayin itace. Mu da muke zubin tukwanen alminiyam mun san aikin yashi. Kafin a zuba komai sai wani ya sassaƙa samfurin da hannu, kowace jijiyar ganye. In yashin ya bushe da yawa ko ƙarfen ya huce, sai ganyen ya fito dunƙule. Ni duk lokacin da na ga hoton bencin nan mai ganyen fan, tsiron da Turawan lokacin suka haukace a kansa, sai tsigar jikina ta tashi, don na san wuyar fitar da abu siriri haka.

Kafinta: To gwani ɗaya ne ke nan, sauran duk kwafi.

Ɗalibar Zane: Baba Kafinta, ai nan ne daɗin abin. Da can kujerar lambu mai ado sai gidan masu sarauta, ta dutse ko ta ƙirar hannu. Da zubi ya zo, sai ɗan kasuwa ma ya iya zaɓa daga littafin samfura. Bayan babban baje kolin Landan na 1851 abin ya ƙara bazuwa. Ƙofofin da Coalbrookdale ya kai baje kolin suna nan tsaye har yau tsakanin lambun Hyde Park da na Kensington a Landan.

Hajiya Mai Furanni: Ni dai ina bayan Malam a batun zama. Na taɓa sayen irinsa, rana tana dukansa ba mai iya taɓa shi, ga nauyi, mutum biyu da ƙyar suke matsar da shi inuwa. Ku duba lambun Luksambur a Paris, korayen kujeru marasa ado, kowa ya ja tasa inda yake so.

Mai Zubi: Hajiya, an yi shi ne don ƙasar ruwan sama da ciyawa, inda ake neman ranar da kuɗi. Shi ya sa aka yi masa huda-huda, ruwa ya zurare. Kuma da yawansu wurin zaman katako ne, ƙarfen a baya da hannuwa yake.

Ɗalibar Zane: Hajiya, naki na asali ne kuwa? Waɗanda aka yi wa rajista a Birtaniya tsakanin 1842 da 1883 sukan zo da tambari mai siffar daimon, mai kusurwa huɗu. Na kwaikwayo zanensu a dushe yake, don daga tsohon benci aka ɗauki samfurin.

Hajiya Mai Furanni: 'Yata, fenti ya kai shafi biyar a kansa, ban ga tambari ba. Ƙafa ɗaya ma ta tsage, mai walda ya ce ba zai taɓa ba.

Mai Zubi: Ya yi gaskiya, ƙarfen zubi karyewa yake, ba ya lanƙwasa. Sai an ɗumama shi, a yi da sandar nikel, a bar shi ya huce a hankali. Kada ki bari a kankare fentin da injin gurza, zai cinye zanen.

Kafinta: In kin gyara ƙafar, Hajiya, kawo in sa masa katakon maɗaci a wurin zama. Bayan bencin kuwa har yanzu ban yarda da shi ba.