Me ya sa ba a jin magana sosai a finafinan Christopher Nolan?

Mai Tambaya: Salamu alaikum. Masana harkar fim, ku warware mana wannan. Ana yabon darakta Nolan a kan kyan hoto, amma sau da yawa kiɗa da ƙara kan danne muryar 'yan wasa, musamman a fim ɗinsa Tenet. Sakaci ne, ko da gangan yake yi? Kuma me ya sa faɗin hoton yake sauyawa ana tsaka da kallo?

Mai Kyamara: Wa alaikumus salam. Malam, tambayoyinka biyu tushensu ɗaya: kyamarar IMAX. Nolan bai yarda da dijital ba, da zaren fim yake aiki. A kyamarar IMAX zaren mai faɗin milimita 65 a kwance yake gudu, kowane hoto yana cin huda 15 daga cikin hudojin gefen zaren, ana ɗaukar hoto 24 a daƙiƙa guda. Ana riƙe zaren da zuƙar iska don ya kwanta sumul a bayan gilashi, shi ya sa take ruri kamar injin markaɗe. Makirufo kuwa ba ya zaɓe, duk abin da ya ji zai kwasa.

Ga kuma tsada. Naɗi ɗaya na ƙafa 1,000 bai wuce ɗaukar minti 3 ba, sai a tsaya a sake lodi. Don haka idan fitowa ce ta doguwar hira, a finafinai irin su Tenet yakan koma kyamarar Panavision mai huda 5, wadda ba ta da hayaniya. Sauyin da kake gani ke nan: hoton IMAX dogo ne, 1.43 bisa 1, ɗayan kuma shimfiɗaɗɗe, 2.20 bisa 1. Da The Dark Knight ya fara haɗa IMAX da wata kyamara a 2008, sai dai a lokacin ɗayar mai zaren milimita 35 ce.

Hajiya Edita: Mai Kyamara ya yi bayani, sai dai kada a ɗora wa inji laifin duka. Sauran daraktoci idan sautin wurin ɗauka ya lalace sukan mayar da ɗan wasa situdiyo ya sake maimaita maganarsa, a ɗora a kan hoton. Nolan ba ya son haka. Ya fi son muryar da aka yi a lokacin wasan, ko da ƙura a cikinta. Sannan ga 'yan wasa da abin rufe fuska, kamar Bane, mugun fim ɗin The Dark Knight Rises na 2012, da matuƙan jirgi a fim ɗin Dunkirk. A ganina wani lokacin yana wuce gona da iri, domin labarin Tenet sai da bayani ake gane shi, bayanin kuma ya nutse cikin kiɗan Ludwig Göransson.

Ɗan'uwa, idan a gida kake kallo, ga dabara. An haɗa sautin ne don sinima, inda magana ke da lasifikarta ta tsakiya. Waya da talabijin sukan cusa komai cikin lasifika biyu, sai maganar ta ɓace. Mai lasifika 5.1, wato tsarin lasifika shida, ya ƙara wa ta tsakiya ƙarfin sauti da desibel 3 zuwa 4. Wanda ba shi da ita ya kunna tsarin sautin dare, mai rage tazara tsakanin ƙara da raɗa, ko ya sa rubutun ƙasa.

Tsohon Ɗan Majigi: Tsumulmular zare ba yau Nolan ya faro ta ba. A Landan aka haife shi a 1970, adabin Ingilishi ya karanta a jami'a, ba fim ba. Fim ɗinsa na farko, Following na 1998, da zaren milimita 16 ya ɗauke shi, baƙi da fari, a ranakun Asabar, da kuɗi wajen dala 6,000. Sai an yi gwaji an ƙoshi kafin a kunna kyamara, ɗauka ɗaya ko biyu an wuce.

A Oppenheimer, wanda ya ba shi kyautar Oscar ta darakta a 2024, sai da Kodak ya ƙera zaren baƙi da fari na milimita 65 musamman dominsa. Kwafin IMAX ɗin ya kai tsawon kilomita 18, nauyi kusan kilo 270, kuma sinima 30 kacal a duniya suka haska shi a haka. Faifan da ake naɗe zaren a kai awa 3 ne iyakarsa, ko shi ma sai da aka ƙara masa faɗi kafin fim ɗin ya zauna.