Bakteriyofaj: wane suna za mu raɗa masa da Hausa?

Ɗalibaina za su yi aikin kimiyya a wannan zangon, kuma iyaye ne za su zo kallo ranar baje koli, don haka dole bayanin jikin allo ya zama da Hausa. A nan muka cije. Aikin a kan bakteriyofaj ne, wato bairas ɗin da ba ruwansa da mutum ko dabba, bakteriya kaɗai yake kamawa.

Bairas da bakteriya duk "ƙwayar cuta" muke ce musu. Wata ɗaliba ta rubuta "ƙwayar cuta mai kama ƙwayar cuta", aji ya kwashe da dariya. Ba ta yi ƙarya ba, amma wa zai gane?

Sai aka kawo "maci-bakteriya". Ma'anar sunan ke nan a asalinsa. Félix d'Hérelle ne ya raɗa shi a 1917 a Cibiyar Pasteur da ke Paris, daga kalmar Girkanci mai nufin ci, shekara biyu bayan Frederick Twort ya lura da abin a Landan. To amma a lokacin babu wanda ya gan shi da ido. Sai a 1940 aka samu hotonsa da madubin lantarki, na'urar da ke girmama ƙananan abubuwa. Kuma ba ci yake yi ba. Ɗauki wanda ake kira T4: yakan sauka a jikin wata bakteriya mai suna E. coli, ya kafa jelarsa, ya tura DNA ɗinsa, wato sinadarin gadonsa, ciki kamar allura. Daga nan bakteriyar ta bar aikinta ta koma ƙera masa 'ya'ya. Cikin kamar rabin awa ta fashe, ɗari ko fiye su fito neman wata. In na bar "maci" a allo, sai na yini ina warware abin da sunan ya ƙulla.

"Kashe-bakteriya" ban ma tsaya a kansa ba, kowa zai ɗauka maganin kemis ne.

Malamar Hausa ta ce, "Malam, me ya hana ku ce kaucin bakteriya?" Wallahi ya yi mini daɗi a kunne. Kauci a jikin wata bishiya yake rayuwa, ba shi da saiwa a ƙasa, kamar yadda bairas ba ya hayayyafa sai a cikin wani. Har ma ya dace da irin su lamda, wani bakteriyofaj ɗin, wanda kan saƙa DNA ɗinsa cikin na bakteriya ya yi lamo tsawon lokaci. Sai dai kauci daga waje yake tsotso a hankali, namu kuwa daga ciki yake ɓarkowa. Wani yaro ɗan manomi ya ce to a ce ƙuduji, tunda shi yana gamawa da dawa. Matsalar ɗaya ce.

Ni dai na tsaya a kan "fasa-bakteriya". Ginin kalmar namu ne, irin na fasa-ƙwauri da dafa-duka, kuma shi ne abin da yaran za su gani. Za su tace ruwan kwata da matata mai ƙofar maikiron 0.22, wadda ke tare bakteriya ta bar bairas ya wuce, su haɗa da E. coli na ɗakin gwaji marar cutarwa, su shimfiɗa a faranti, su bar shi ya kwana a zafin digiri 37. Da safar hannu, ba wasa. Na san akwai irin M13 da ke sulalewa waje ba tare da ya fasa ba, amma suna ba ya ɗauke komai.

Washegari farantin zai yi hazo-hazo, da 'yan da'irori garau inda bakteriya suka mutu. Waɗannan ban sha wahalar neman sunansu ba. Wata ɗaliba ta kalli hoton, ta saci kallon kaina, ta ce, "Malam, ai sanƙo ne." Mun rubuta shi haka.