Honda EOD ko in haƙura in cika kuɗi in ɗauki Corolla? Masu Honda ku fito ku faɗi gaskiya

Abban_Ikram:

Slm 'yan uwa barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riƙe mota da hannunsu, ba masu jin labari a majalisa ba. Na ɗan tara abin da Allah ya hore ina so in sayi motata ta farko, kuma tun ina saurayi raina yana kan Honda Accord, musamman EOD ko DC (sunayen da ake kiran ƙirar 2003 zuwa 2005 da ta 2006 zuwa 2007 a nan gida), to amma duk wanda na gaya wa sai ya riƙe baki ya ce haba Malam kai da iyali za ka sayi motar da take cire ƙafa a tsakiyar titi, yayana ma cewa ya yi in ƙara haƙuri in cika kuɗi in ɗauki Corolla ko da ta fi tsufa. Abin da ya ɗaure min kai, ana cewa a Amurka Accord tana cikin motocin da ake yabo wajen ƙarko, to ya aka yi da ta zo nan ta zama abin tsoro? Sannan wani abokin aikina ya ce wai shi mai kamfanin Honda ɗin ma asalinsa yaron Toyota ne, da gaske ne ko shaci-faɗi ne?

Dan_Zazzau77:

Wa alaikumus salam Abban Ikram. Bari in ɗauki tambayarka ta biyu, ta ƙafa na bar wa makanikai. Abokinka ya kusa gaskiya amma bai dire daidai ba, ɗan kwangilarsu ne ba yaron gidansu ba. Sunansa Soichiro Honda, an haife shi 1906 a wani ƙauye kusa da Hamamatsu, babansa maƙeri ne mai gyaran kekuna. Boko bai dame shi ba, yana ɗan shekara 15 ya tafi Tokyo koyon kanikanci a wani gareji da ake kira Art Shokai, kuma farkon zuwansa renon ɗan maigidan aka ba shi kafin a bar shi ya taɓa sifana, duk wanda ya yi zaman yaron gareji ya san wannan. A 1928 ya koma Hamamatsu ya buɗe reshen garejin, a 1937 kuma ya kafa kamfanin Tokai Seiki yana ƙera ringin fistin, ringi dai da ka sani wanda in ya mutu mota take hayaƙi tana shan baƙin mai. To a nan Toyota ta shigo labarin, ya kai musu guda 50 su gwada, uku kacal suka tsallake. Mutumin nan bai yi zuciya ba, ya koma makarantar fasaha a Hamamatsu da girmansa yana zama aji don ya gane yadda ake haɗa ƙarfe, jarrabawa ma ba ya zama, shi ba takarda ta kai shi ba. Daga baya ringinsa ya karɓu har Toyota ta sayi kaso 40 cikin 100 na kamfanin lokacin yaƙin duniya na biyu. Jiragen Amurka suka jefa wa masana'antarsa ɗaya bom a 1944, girgizar ƙasa ta rushe ɗayar a 1945, ya tattara abin da ya rage ya sayar wa Toyota a kan yen 450,000.

Da wannan kuɗin ya sake farawa a 1946, yana sayen ƙananan injinan janareto da sojoji suke kunna rediyo da su yana ɗaura wa keke, saboda a lokacin mutanen Japan ba mota ba mai. Kamfanin Honda Motor kansa 1948 aka yi masa rajista, shekara ɗaya bayan nan Takeo Fujisawa ya shigo, shi ya riƙe kuɗi da kasuwa shi kuma Soichiro yana cikin bita da baƙin mai a hannu, kuma tare suka yi ritaya a 1973, ba wanda ya ɗora ɗansa a kujerar. Babur ɗin Super Cub da suka fitar 1958 zuwa 2017 an ƙera sama da miliyan 100, duk roba-roban nan da ake kawo mana daga Chana zubinta suka ɗauka.

Mota kuwa a makare suka shigo, sai 1963, shi ma da gaggawa don gwamnatin Japan tana shirin dokar da za ta hana sababbin kamfanoni shiga ƙirar mota. Abin da ya ɗaga su Civic ce ta 1972. Amurka ta yi dokar rage hayaƙi a 1970, manyan kamfanoninta suna ta kukan ba zai yiwu ba, sai ga ɗan kamfanin babura ya zo da injin CVCC ya cika sharaɗin ba tare da an saka katalis, wato matatar hayaƙi, a salansa ba, ana cikin haka Larabawa suka rufe famfon mai a 1973, kowa ya koma neman ƙaramar mota. Accord ta biyo baya 1976, a 1982 suka fara haɗa ta a Marysville jihar Ohio, kuma daga 1989 zuwa 1991 babu ƙaramar motar da ta kai ta kasuwa a Amurka, zamanin Accord ɗin da muke kira Hala kenan in ka cire shekarar farko. Shi ya sa yawancin EOD da DC da kake gani a Kano ba su taɓa ganin Japan ba, 'yan Ohio ne. Nan gida ma suna da masana'anta a Ota jihar Ogun tun 1979 ta babura, a 2015 suka fara haɗa Accord a can.

Injiniya_KofarRuwa:

Alhaji Abban Ikram ni sana'ata kenan, ƙafar mota, don haka ka saurara. Maganar cire ƙafa ba ƙarya ba ce, amma ba haka kawai motar take wayar gari ta cire ba. Ƙafar gaban Accord tun daga Hala, Baby Boy, EOD, DC har Evil Spirit ta 2012 hannu biyu gare ta, na sama da na ƙasa, shi ne sirrin daɗin sitiyarinta da yadda take kama titi a kwana. To shokozoba a kan hannun ƙasa yake zaune, nauyin gaban motar gaba ɗaya ta boljoyin na ƙasa yake bi, kuma jansa yake yi kullum kamar zai zaro shi daga kofinsa. Corolla da Camry ba haka ba ne, nauyinsu kan shokozoba yake sauka kai tsaye, boljoyin ɗinsu riƙe taya kawai yake, ko ya mutu sai dai ya yi ta ƙara kana tafiya da shi a haka. Na Honda kuwa da zarar robar da ta rufe shi ta yage giris ya fita ƙura da ruwan damina suka shiga, sai ya bushe ya yi tsatsa, ran nan kana juya sitiyari a hankali za ka shiga layinku sai ka ji ƙwas, taya ta kwanta shaf ya zare. Yawanci ma a ƙaramin gudu yake yi, kwana ko kan tudun nan na rage gudu.

Kuma wlh tana sanar da kai kafin ta yi. Sitiyari zai ɗan yi tauri, in ka juya ka ji ƙiii ƙiii kamar ƙyauren da ya shekara bai ga mai ba, amma sai mutum ya ƙara sautin rediyo ya ce sai ƙarshen wata. In ya zo ƙarshen watan kuma ya ce a sa masa mai araha, a je a ɗauko jabu ko tokunbo wanda ya riga ya gama rayuwarsa a wata motar, yaro ya sa guduma ya buga shi ciki maimakon a matse shi da firas, to me kake so ya faru? A can inda ake yabon nata titi sumul yake kuma ana duba mota a kan lokaci, nan kuwa ka bi hanyar ƙauyenku sau ɗaya da damina ka ga abin da ƙafa take sha. Daga ƙirar 2013 ma Honda ta canza ƙafar gaban ta koma irin ta Camry.

Ni abin da na fi jiye maka ma giya ce ba ƙafa ba. Ka nemi mai fulogi huɗu 2.4, injin nan sarƙa gare shi ba bel ba, yana da jimiri sosai in kana juye a kan lokaci da mai na kirki. V6 ta 2003 da 2004 ka bar wa masu kuɗin giyabos, tun a Amurka aka san giyarta da ɗaukar zafi har kamfanin ya kira motoci a gyara a 2004. Kuma man giyar Honda daban ne, DW-1, kada wani ya zuba maka jan man nan na kowa da kowa ya ce ai duk ɗaya ne.

Sarkin_Dillalai:

Hhhh Injiniya ka gama bayani da kanka, motar da sai an riƙa kasa kunne ana sauraron ƙafarta ina ita ina ma'aikacin albashi. Malam ka ji maganar yayanka, babba ba ya faɗin banza. Corolla kuɗi ce a hannu, yau ka ce za ka sayar kafin la'asar an biya ka, Honda kuwa ka saya da daɗi don ta fi araha ranar sayarwa kuma ka gane dalilin arahar. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 mai zuwa wajenmu tambayarsa ta farko shan mai, 1.8 da 2.4 ba ɗaya ba ne ko me masu Honda za su ce. Ku je Maraɗi ko Damagaram ku ƙirga Toyota ku ƙirga Honda. Amma gsky ba zan ci haƙƙinta ba, wajen daɗin zama da kyan ciki da tashi EOD ta bar Corolla nesa.

Maman_Hanan:

Sarkin Dillalai kai dai ka fi son wadda take saurin fita daga hannunka, mun gane. Abban Ikram ni DC nake ja, da ita nake kai yara makaranta nake zuwa aiki, duk juye sai na sa an ɗaga ta an duba ƙafar ina tsaye, kuma Alhamdulillah ban ga komai ba sai alheri. Abin da ba wanda ya ambata shi ne eyabag. Motocin shekarun nan da yawa jakar iskar kamfanin Takata ce a cikinsu, sinadarin da yake hura ta yana lalacewa in ya daɗe a zafi da laima, ranar haɗari maimakon ta kare ka sai gwangwanin ya tarwatse ya watso ƙarfe a fuska, mutane sun mutu a haka, shi ne kiran motoci mafi girma da aka taɓa yi har Takata ta karye a 2017. Ba Honda kaɗai ba, har Corolla ɗin da ake ta yabo tana ciki, da Nissan da BMW. Motar da ta baro Amurka kafin a canza mata tana nan da tsohuwar. Ka kwafi lambar VIN, guda 17 ɗin nan da ke ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba, ka saka a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, kyauta ne zai nuna maka ko akwai gyaran da ba a yi mata ba.

Abban_Ikram:

Kai Allah ya saka da alheri, Dan Zazzau kamar a gabanka aka yi. Hajiya na gode, wannan ban taɓa ji ba. Injiniya akwai wata DC fulogi huɗu da aka yi min tallanta zan je gani ranar Asabar, bayan ƙafa da giya me zan fi sa wa ido?

Injiniya_KofarRuwa:

Ka je da sassafe Alhaji, ka ce kada a tayar da ita sai ka iso, ka dafa injin ka ji da sanyi sannan a kunna ka saurari sarƙa a sakan biyun farko. Ka duba ko fanka tana tashi da zarar an murza makulli, in haka ne an yi mata dairek an cire tamostat, za ta sha maka mai. Ka leƙa ƙasa ka ga indomin salansa, wato katalis, tana nan ko an fasa an kwashe. Fitilar eyabag da ta cek ka tabbata sun kama sannan sun mutu da kansu, wasu cire ƙwan suke yi. Kuma ka ware kuɗin boljoyin biyu na asali daga cikin kuɗin motar, ko mai ita ya rantse jiya ya canza.