Wace kalma za ta ɗauki "abstract" a Hausa?

Jama'a, ku taya ni neman kalmar da za ta ɗauki "abstract", wato irin zanen da ba ya kwaikwayon kamannin abu kai tsaye. Kwana uku ke nan ina kallon hoton wani aikin mai zanen Faransa Henri Matisse mai suna Dodon Koɗi, wanda ya yi a 1953, shekara guda kafin rasuwarsa. Yana rataye a gidan baje kolin zane-zane na Tate Modern da ke Landan, tsawonsa da faɗinsa kowanne ya kusa mita uku. Ba buroshi ya sa ba. Tun bayan tiyatar da aka yi masa a 1941 tsayuwa ta yi masa wuya, sai masu taimaka masa su shafe takardu da fenti, shi kuma ya yanka da almakashi, wasu ya yage da hannu, a manna inda ya nuna.

Kore ne, shuɗi, shunayya, ruwan goro, da wani baƙi guda da ya zauna a sama kamar baƙon da ba a gayyata ba, amma ka cire shi aikin ya mutu. Da farko na ɗauka tarkacen takarda ne kawai. Sai ido ya bi su a hankali, ya ga suna zagayawa, suna naɗewa ciki kamar ƙoƙon dodon koɗi. Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai.

To, me za a kira irin wannan zane?

Wani ya ce "zane marar siffa". Ban yarda ba, don siffar tana nan, ɓoye ta aka yi. Wata ta kawo "zayyana", kalma mai daɗi, amma zayyana ado ce ga wani abu, wannan kuwa shi ne abin da kansa. Akwai wanda ya ce "zanen habaici". Na so shi, sai dai habaici na da cizo, Matisse kuwa ba ya zagin kowa.

Ni dai na tsaya kan "zanen ishara": mai zanen ya nuna maka hanya, ya bar ka ka ƙarasa.

Wani malami ya tare ni, ya ce to Mondrian, mai zanen nan ɗan ƙasar Holan fa, da layukansa baƙaƙe da ja da shuɗi, ishara yake yi zuwa ga me? Gaskiyarsa. Na Mondrian sai mu ce "zanen launi zalla", mu bar wa dodon koɗin nan isharar sa.