Sanarwar mitin ɗin Zoom: wani na'urori uku ke masa ƙara, wani kuma sai an tashi take iso masa

Ɗan_Aboabo:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu harkar haɗa manhaja ku ba ni shawara. Muna da ƙungiyar ƴan unguwa a nan Kumasi, rabinmu na nan Aboabo da Asawase, sauran kuma neman abinci ya watsa su, akwai na Bronx akwai na Landan da Hamburg har da mutum biyu a Jidda. Duk Lahadin ƙarshen wata muna mitin a Zoom ƙarfe 8 na dare bayan isha'i, maganar kuɗin ƙungiya da gyaran makarantar allo da sauransu. Toh ni aka ɗora wa aikin haɗa ɗan ƙaramin app da zai dinga tuna wa mutane, na kuma haɗa, yana aiki amma ba yadda nake so ba.

Ciyaman ɗinmu yana da waya da tablet da laftof, lokaci na yi duka ukun sai su ɗau ƙara tare, ya kashe na waya na tablet na nan yana jiransa, ya ce min wlh kamar ana binsa bashi. Su kuma masu ƙananan wayoyi wani sai an yi addu'a an watse sannan saƙon "mitin zai fara nan da minti 10" ya faɗo masa. Tambayata, sau nawa ya kamata a tuna wa mutum, saura minti nawa, kuma wace na'ura za a tura wa in yana da fiye da ɗaya?

Ƴar_Nima:

Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in fara da masu samun saƙo a makare don shi ya fi ɓata rai. Inaga da Firebase, hanyar tura sanarwa ta Google, kake turawa ko? In haka ne, saƙon da ba ka sa masa wa'adi ba Google na iya riƙe shi har sati 4 yana jiran wayar ta dawo kan layi. Wato mutum data ɗinsa ta ƙare ko dumsor, ɗaukewar wutar nan, ya cinye masa caji, washegari ya sayi bandul ya kunna sai ga saƙon jiya. Ka sa TTL ɗin kowane saƙo, wato wa'adinsa, daidai da amfaninsa, na "saura minti 10" ya mutu bayan minti 10, in bai isa ba gara ya ɓace. Sannan ka ba duk saƙonnin mitin ɗaya collapse key iri ɗaya, wato alamar da ke sa sabon saƙo ya maye gurbin tsoho, in an tara uku wayar na kashe na ƙarshen kawai zai shiga.

Amma gaskiya a ƙasar nan ni ba na dogara da saba, wato kwamfutar da ke turo saƙon ta intanet, wajen abin da na riga na san lokacinsa. Mitin ɗinku an san ranarsa tun wata guda, toh duk sanda wayar ta samu netwok app ɗin ya sauke jadawalin ya saita alam a cikin wayar kanta, ko babu data ko kobo zai buga. Saba sai in an ɗaga mitin ko an soke. Abin da zai ba ka ciwon kai anan shi ne Android ɗin kansa: tun Android 6 akwai Doze, in aka ajiye waya ba a taɓa ta ba sai ta fara jinkirta ayyukan app don kare batir, daga Android 12 kuma alam mai bugawa daidai minti yana da nasa izinin daban, daga 13 ko notifikeshan ɗin ma sai mai waya ya danna ya yarda. Mutanenmu kuwa da sun ga akwati ya fito da turanci sai su danna a'a ba su karanta ba. Don haka ranar da mutum ya sa app ɗin ka yi masa bayani da Hausa kafin akwatin ya fito, kuma ka nuna masa inda zai cire app ɗin daga takurar batir a setin.

Malam_Na_Alabar:

Allah ya yi muku albarka yara. Ni ban san Firebase ba amma na daɗe ina tara jama'a. Ɗana, ka duba lokacin da kake buga wa mutane waya. In mitin ƙarfe 8 ne ka ce za ka tuna saura awa biyu, ƙarfe 6 kenan, mutane na sahu ana magariba wayoyi na kuka a aljihu, liman na karatu. Haka saura rabin awa ma yana iya faɗawa kan masu isha'i. Ka tura ɗaya da safe bayan an karya, ɗaya bayan la'asar saboda mai shago a kasuwar Kejetia ya san yau da wuri zai rufe ya nemi trotro, motar haya, na ƙarshe kuma dab da farawa. Ya isa haka. Kuma kar ka manta akwai dattawa masu ƙaramar waya mai madanni, su saƙon tes ko kira ne kawai ke isa gare su, sai jikansu ya kunna musu Zoom ɗin a tasa wayar. Wasu ma boko ba su karantawa, muryar sakatare ta minti ɗaya a guruf ta fi musu duk wannan.

BronxBoy:

Chale ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Ku a gida agogonku ba ya motsi, Ghana GMT ce shekara duka, mu kuwa nan sau biyu ake juya mana shi. 8 ɗinku ta dare ƙarfe 4 na yamma ce a New York lokacin zafi, lokacin sanyi kuma ƙarfe 3. Na Landan 9 ko 8, na Hamburg 10 ko 9, ƴan Jidda su kullum 11 na dare ne don Saudiyya ma ba ta canzawa, Allah sarki. Kuma ba rana ɗaya muke canzawa da Turai ba, Amurka Lahadi ta biyu a Maris da Lahadin farko a Nuwamba, Turai kuma Lahadin ƙarshe a Maris da Lahadin ƙarshe a Oktoba. Ka lura da wannan? Lahadin ƙarshen wata, ranar mitin ɗinku kenan cif! Sau biyu a shekara ƴan Landan da Jamus za su tashi da sabon agogo ranar mitin, in saƙon da ka tura musu ranar Asabar lissafin tsohon agogo ne shikenan an bar su a baya ko sun zo awa ɗaya kafin kowa.

Ka ajiye lokacin da sunan yanki, Africa/Accra, wayar kowa ta juya masa da kanta, a saƙon kuma ka rubuta duka biyun, nasa da na gida. Sai roƙo ɗaya, ni a lokacin yawanci ina kan sitiyari, ina so in na faka in danna sanarwar ta kai ni cikin mitin kai tsaye, ba wai ta buɗe app in fara neman link da fasuwod ba.

Sadiq_Tafo:

Ni dai tambayata me ya sa kake wahalar da kanka yaya? Google Calendar na yin rabin abin nan kyauta, kana iya sa tunatarwa har 5 a taro ɗaya, yana juya lokaci da kansa, in ba ka son Google ka tura fayil ɗin kalanda na .ics kowa ya zuba a kalandarsa ko iPhone ne ko Outlook. WhatsApp ma yanzu ana ƙirƙirar event a guruf. Abin da babu mai yi muku kuma kuke buƙata paa shi ne in Zoom ɗinku na kyauta ne minti 40 yake yankewa, ƙungiyar ƴan zango kuwa gaisuwa kaɗai ta ci minti 20 lol. Ka yi sanarwar da za ta ce "an yanke, a sake shiga" da link ɗin a jiki, nan ne ake asarar rabin mutane. Ko ku koma Google Meet, shi na kyauta awa ɗaya yake bayarwa.

Ɗan_Aboabo:

Na gode ƙwarai, Malam Allah ya ƙara girma, na cire na ƙarfe 6 tun yanzu. Sadiq mun gwada kalanda, yawancin mutanenmu ba su taɓa buɗe ta ba, wasu ko imel ɗin da aka buɗe musu waya da shi ba su sani ba, mai shagon waya ne ya yi musu. Anti Ƴar_Nima saura maganar ciyaman, ya zan gane na'urar da ke hannunsa?

Ƴar_Nima:

Kar ka ce sai ka gane, canke za ka yi ta yi. Laftof na iya zama a buɗe a falo shi yana masallaci. Ka raba su gida biyu kawai. Na safe da na la'asar ba gaggawa, su tafi waya kaɗai kuma shiru ba ƙara. Na dab da farawa shi ne za ka tura ko'ina da ƙara, don gara ya ji sau uku da ya rasa, amma da zarar ya taɓa ɗaya, ko ya shiga ko ya share, na'urar ta faɗa wa saba, saba ta tura saƙon ɓoye, wanda app kaɗai ke gani ba mai waya ba, ga sauran su goge nasu. Shi ya sa sanarwar mitin ɗaya dole ta ɗauki lamba ɗaya a duk na'urorinsa, da lambar za ka soke ta. Link ɗin ma ka sa ya fara bi ta sabarka sannan ya wuce Zoom, ta haka za ka san wa ya danna, wanda bai danna ba bayan minti 5 shi kaɗai za ka sake taɓawa da "an fara", ko ka tura masa tes in dattijo ne.

A Android ka yi musu tasha biyu daban, wato rukunin sanarwa biyu, tun Android 8 ana iya haka, ɗaya ta tunatarwa ɗaya ta farawa, wanda ya gaji sai ya kashe ta farkon ba tare da ya toshe app ɗin gaba ɗaya ba. iPhone kuma ka sani saƙon ɓoye ba lallai ya isa kan lokaci ba, Apple ba ta yi alkawarin haka ba, don haka ka sa app ɗin ya share tsofaffin sanarwa duk sanda aka buɗe shi, na farawar kuma ka sa shi Time Sensitive, wato na gaggawa, don ya samu wucewa in mutum ya kunna Focus mai hana sanarwa damunsa, daga iOS 15 ake da shi. Tablet ɗin ciyaman iPad ne ko Android? Faɗa min in san wanne zan turo maka misalinsa.